JIRGI MARAR MATUƘI A HANNUN 'YAN SANDA: ABIN DA AKE TANADA KAFIN YA TASHI

 

Maganar da za mu yi yau ta shafi wani sabon kayan aiki da ya shiga hannun 'yan sanda a ƙasashe da dama na duniya, watau ƙaramin jirgin sama marar matuƙi. Da yawa daga cikinku sun riga sun ga irinsa, ko a wurin biki yana shawagi bisa kan mutane yana ɗaukar hoto, ko a filin hawan salla. Wanda 'yan sanda suke riƙewa ɗan'uwan wannan ne, sai dai ya fi shi ƙarfi da kaifin gani. To, idan rundunar 'yan sanda ta yi niyyar fara aiki da shi, me ya kamata ta tanada, me kuma ya kamata jama'a su nema daga gare ta?

Amsar a taƙaice ita ce, sayen jirgin shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin duka. Duk mai kuɗi yana iya sayensa yau, gobe ya tashe shi. Abin da ke da wuya, wanda kuma tilas ya riga sayen, shi ne samun izinin hukuma, da rubuta ƙa'idar aiki, da horar da ma'aikata, da neman yardar mutanen da jirgin zai riƙa bi ta kan gidajensu. Domin mu ga gaskiyar wannan magana, zan ba ku labarin wani gari na ƙasar Amurka da ake kira Chula Vista, wanda 'yan sandansa suka yi suna a wannan fanni, da kuma labarin waɗansu da suka yi gaggawa suka yi tuntuɓe.

MENE NE WANNAN JIRGI?

Yawancin waɗanda 'yan sanda suke amfani da su suna da farfela huɗu, suna tashi tsaye suna sauka tsaye, suna kuma iya tsayawa cak a sama wuri ɗaya. Ƙananansu ba su fi faifai ba, manyan kuwa sukan kai faɗin ƙaramin tebur. Da batir suke aiki, kuma batir ɗaya yakan riƙe jirgin kimanin rabin sa'a kafin a sauke shi a sake wani. Mai sarrafa shi yana ƙasa, yana kallon allo, yana ganin duk abin da jirgin yake gani a daidai wannan lokaci.

Idon jirgin shi ne kyamararsa, kuma iri biyu ce. Akwai mai jawo nesa kusa, wadda daga can sama take iya nuna abin da mutum yake riƙe da shi a hannu. Akwai kuma mai ganin zafin jiki, wadda take nuna mutum ko dabba a cikin duhun dare ko a cikin ciyawa, domin jiki mai rai ya fi abin da ke kewaye da shi ɗumi. Wannan kyamara ba ta huda bango, ba ta huda rufin ɗaki, amma duk abin da yake a fili ƙarƙashin sama tana ganinsa. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

A da, rundunar da take son gani daga sama sai ta mallaki jirgi mai saukar ungulu, da matuƙansa, da makanikansa, da mansa, abin da ƙananan runduna ba su da halinsa. Ƙaramin jirgin nan ya sauƙaƙa wannan ƙwarai da gaske, shi ya sa ya bazu da sauri.

AMFANINSA

Amfaninsa ba abin musu ba ne. A watan Mayu na 2013, motar wani saurayi ta ƙwace ta wuntsila da dare a jeji, kusa da garin Saskatoon na ƙasar Kanada, a cikin tsananin sanyi. Ya fito da rauni, ya nausa cikin duhu bai san inda yake tafiya ba. Aka neme shi a ƙasa, aka neme shi da jirgi mai saukar ungulu, ba a gan shi ba. Daga baya 'yan sanda suka tashi ƙaramin jirgi mai kyamarar zafin jiki a wajen da wayarsa ta nuna, sai ga shi a dunƙule gindin wata bishiya, sanyi ya kusa gamawa da shi. Aka ɗauke shi zuwa asibiti, ya rayu.

Haka nan ana amfani da shi wajen neman yaro ko tsohon da ya ɓace, da auna wurin da aka yi haɗarin mota cikin hanzari domin a buɗe hanya, da duba inda ambaliya ta tare mutane, da leƙa wurin da ake zaton akwai mai makami kafin a tura ɗan sanda da ƙafarsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka rai yake tsarewa, ko na farar hula ko na ma'aikaci.

WAƊANDA SUKA YI GAGGAWA

Amma Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Ga misalai uku daga ƙasashe uku.

A watan Fabrairu na 2010, 'yan sandan yankin Merseyside na Ingila, inda birnin Liverpool yake, suka yi shelar cewa sun kama wani da ake zargi da satar mota da taimakon irin wannan jirgi. Jaridu suka yaba. Ba a yi kwana nawa ba sai ta bayyana cewa rundunar ba ta da izinin hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar, wanda sabuwar doka ta wajabta tun farkon wannan shekara. Dole aka sauke jirgin aka ajiye. Masu tsaron doka su ne aka samu sun tsallake doka.

A birnin Seattle na Amurka kuwa, 'yan sanda sun sayi jirage biyu da kuɗin tallafi daga gwamnatin tarayya, ba tare da an zauna da mutanen gari ba. Da labari ya fita, jama'a suka yi ca a wuraren taro, suna tambaya wa za a leƙa, wa ya ba da izini. A watan Fabrairu na 2013 magajin garin, Mike McGinn, ya soke shirin gaba ɗaya tun jiragen ba su fara aiki ba. A 2014 aka miƙa su ga 'yan sandan Los Angeles, can ma aka yi ta ƙorafi har aka kulle su. Kuɗi ya tafi, aminci kuma ya ragu.

A Faransa, 'yan sandan birnin Faris sun yi amfani da jiragen wajen lura da masu karya dokar zaman gida lokacin annobar korona. A watan Mayu na 2020 babbar kotun da take duba ayyukan gwamnati ta ce su daina nan take, domin babu wata doka da ta tsara yadda za a kiyaye hotunan mutanen da ake ɗauka. Sai da aka yi doka, aka kuma fitar da ƙa'idojin aiki da ita a 2023, sa'an nan hanya ta buɗe musu.

Na farko ya rasa izini, na biyu ya rasa yardar jama'a, na uku ya rasa dokar da zai tsaya a kanta. Dukansu suna da jirgi mai kyau a hannu, bai kuwa amfane su ba.

YADDA CHULA VISTA TA FARA

Chula Vista gari ne a jihar Kalifoniya, kudu da birnin San Diego, kusa da kan iyakar Amurka da Meziko. Mutanensa sun kai kimanin 275,000, 'yan sandansa kuwa sun yi kaɗan ga wannan yawa. Ya kamata a sani cewa a Amurka kusan kowane gari yana da rundunarsa ta kansa, har yawan hukumomin 'yan sanda a ƙasar ya kai wajen 18,000. Saboda haka gari ɗaya yana iya yanke shawarar fara irin wannan shiri.

Abin lura shi ne tsawon lokacin da suka ɗauka. A watan Disamba na 2015 rundunar ta kafa kwamiti domin nazarin al'amarin. Kwamitin ya yi ta zama, yana duba dokoki, yana rubuta ƙa'idoji, ana kuma bayyana wa jama'a shirin a wuraren taro da kafofin watsa labarai. Sai a 2017 aka fara aiki da jiragen, shi ma a ƙananan ayyuka: ɗan sanda ya ɗauko jirgi a bayan motarsa, ya tashe shi idan ya isa wurin da ake bukata.

A watan Oktoba na 2018, ƙarƙashin shugabar rundunar, Roxana Kennedy, suka shigo da sabon tsari wanda su ne suka fara shi a Amurka. Maimakon jirgi ya jira ɗan sanda ya kai shi, sai aka ajiye shi a kan rufin hedkwata, da zarar an yi kiran gaggawa shi ne zai fara isa wurin. An yi wannan ne a cikin wani shirin gwaji na hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, watau FAA. Dalili kuwa, ƙa'idar da hukumar ta kafa a 2016 ga ƙananan jirage ta ce kada nauyinsu ya kai kilo 25, kada su wuce mita 120 a sama, kada kuma su ɓace wa idon mai lura da su. Da farko jiragen Chula Vista ba su wuce kimanin mil ɗaya daga hedkwata. A 2019 hukumar ta ba su izinin tafiya inda ido ba ya kai wa, a 2021 kuma, bayan an ƙara wuraren tashi a kan rufin waɗansu gine-gine, shirin ya game garin duka. Daga kafa kwamiti zuwa nan, shekara biyar ke nan da 'yan watanni.

YADDA AIKIN YAKE GUDANA

Ga yadda suka tsara shi. Wani ɗan sanda mai horo yana zaune a hedkwata yana sauraron kiran da jama'a suke yi wa lambar gaggawa, wadda a can 911 ce. Idan ya ji kiran da gani daga sama zai taimaka, sai ya tashi jirgi daga rufin da ya fi kusa. A kan rufin akwai wani ma'aikaci mai lura da sararin sama, shi ne kuma mai sake batir. Bisa ga lissafin rundunar, jirgin yakan isa cikin kimanin minti biyu, sau da yawa kafin mota ta iso. Hoton da yake ɗauka yana zuwa kai tsaye ga wayar 'yan sandan da ke kan hanya, saboda haka kafin su sauka daga mota sun san mutum nawa ne a wurin, wa ke riƙe da me, ta wace hanya wani ya gudu.

Akwai wani labari da rundunar take yawan bayarwa. An kira aka ce ga wani mutum a bakin wani gidan cin abinci yana juya bindiga a hannu. Jirgi ya riga kowa isa. Mai sarrafa shi ya jawo hoton kusa, sai ya ga mutumin ya kai abin bakinsa ya kunna taba. Ashe ƙyastu ne na zamani da aka ƙera da siffar bindiga. Aka gaya wa waɗanda ke kan hanya, suka iso a natse. Duk wanda ya san yadda irin wannan kira yake ƙarewa idan ɗan sanda ya iso da tsoro a zuciya da yatsa a kan kunama, ya san abin da aka tsallake ran nan.

Zuwa 2024 jiragen garin sun tashi fiye da sau 20,000. Rundunar ta ce a dubban kira daga ciki, abin da jirgi ya gani ya isa a rufe magana ba tare da an tura kowa ba, sai motocin suka tafi inda aka fi bukatarsu.

Dangane da ƙa'ida kuwa, rundunar ta rubuta cewa jirgi zai tashi ne domin amsa kira ko wani takamaiman aiki, ba domin yawon sintiri yana leƙen mutane ba. Ba a ɗaura masa makami. Hoton da bai zama shaida a wani bincike ba ana share shi bayan kwana 90. Daɗin daɗawa, ana buga taswirar kowane tashi a intanet, da ranarsa da dalilinsa, domin kowa ya duba.

INDA AKA SAMI ƘORAFI

Duk da wannan shiri, ba a rasa ƙorafi ba, kuma wajibi ne mu faɗe shi. A 2021 mai wata jarida da ake kira La Prensa San Diego ya nemi a ba shi hotunan wata guda domin ya ga ko ana bin ƙa'idar da aka rubuta. Hukumar garin ta ƙi, ta ce duk hotunan na bincike ne. Ya kai ƙara. A watan Disamba na 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta yanke cewa ba daidai ba ne a kira kowane hoto na bincike a hana shi gaba ɗaya, tilas a rarrabe.

A 2024 kuma mujallar WIRED ta bi diddigin tashi kusan 10,000 daga cikin bayanan da rundunar ta buga. Ta gano cewa jiragen sun fi bi ta kan unguwannin talakawa da baƙi da ke yammacin garin fiye da na masu hali da ke gabas, kuma kimanin ɗaya cikin goma na tashin ba a nuna dalilinsa ba. Rundunar ta amsa cewa daga waɗancan unguwanni ne aka fi kiranta. Ko da haka ne, jirgin da zai je gida ɗaya sai ya ratsa ta kan gidaje masu yawa waɗanda ba su kira kowa ba, kuma waɗansu mazauna sun ce sun daina sakin jiki a bayan gidajensu.

Darasin da ke nan biyu ne. Rubuta ƙa'ida bai wadatar ba, sai an sami wani daga waje mai ikon dubawa. Sa'an nan kuma, ba don rundunar ta buga bayanan tashinta ba, da ba wanda zai iya gano inda aka kauce. Bayyana aiki yana jawo suka, amma sukar ce take gyara shi.

ABUBUWAN DA AKE TANADA

Idan muka tattara waɗannan labarai, za mu ga abubuwa bakwai da kowace runduna ya kamata ta kammala kafin jirginta na farko ya tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na farko, a san matsalar da ake son warwarewa. Jirgin da ya dace da neman ɓatacce a daji daban, wanda ya dace da cikin gari daban. Rundunar da ta sayi jirgi domin ta ga maƙwabciyarta ta saya, a ɗakin ajiya zai ƙare.

Na biyu, a sami izinin hukumar da ke kula da sararin sama. Sama hanya ce mai dokoki kamar titi, kuma ƙaramin jirgi ɗaya kusa da filin saukar jirage ya isa ya jefa rayukan ɗaruruwan fasinja cikin haɗari. Kakin ɗan sanda ba ya ɗauke masa wannan wajibi.

Na uku, a rubuta ƙa'idar aiki da harshen da kowa zai gane. Ta faɗi ayyukan da aka yarda a tashi jirgi dominsu, da waɗanda aka hana, da muƙamin wanda zai ba da umurni, da lokacin da tilas a nemi takardar izinin bincike daga kotu, da hukuncin ma'aikacin da ya saɓa.

Na huɗu, a tsara al'amarin hotuna: inda za a ajiye su, wanda zai iya buɗe su, kwana nawa za su yi kafin a share su. A kuma riƙa rubuta sunan duk wanda ya buɗe. Hoton mutum a cikin halin da ba ya so a gan shi, idan ya fita ya shiga wayoyin jama'a, ba ya komowa.

Na biyar, a horar da mutane, a kuma bar su a kan aikin. Mai sarrafa jirgi yana bukatar takardar shaida da yawan gwaji, dare da rana. Idan aka horar da kofur yau, aka yi masa canjin wurin aiki gobe, an yi asarar horon.

Na shida, a yi kasafin kuɗin gobe. Batir yana tsufa, farfela tana karyewa, jirgi yana faɗuwa, ajiyar hotuna tana cin kuɗi kowane wata. Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, kuɗin riƙo kuwa kowace shekara ne.

Na bakwai, a zauna da jama'a tun ba a saya ba, a fara da ƙaramin yanki, a riƙa bayyana sakamako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shawarar da aka nema bayan an gama komai, sanarwa ce kawai.

A NAN GIDA

To, ina wannan magana ta shafe mu? Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda ɗaya ga ƙasa duka, saboda haka tsarinmu ya bambanta da na Amurka. Amma abubuwan nan bakwai ba su sake ba, ko a hedkwatar ƙasa za a fara, ko a ta jiha, ko a caji ofis ɗaya.

Ta wajen izini, tun a watan Mayu na 2016 hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta ba da sanarwa cewa ba wani mutum, ko ƙungiya, ko hukumar gwamnati da za ta tashi irin wannan jirgi a sararin Nijeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Dokokin zirga-zirgar jiragen sama na 2023 kuma sun keɓe wa waɗannan jirage sashe na musamman. Ta wajen haƙƙin ɗan ƙasa, sashe na 37 na tsarin mulki ya tabbatar da kiyaye sirrin mutane da na gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu ta waya. A 2023 an kuma sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukuma domin wannan aiki.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da irin gininmu. Na ce ku riƙe maganar cewa kyamara tana ganin duk abin da yake a fili ƙarƙashin sama. Gidan Bahaushe, da na maƙwabtansa da yawa, an gina shi ne domin ya tare idon mai wucewa a ƙasa. Akwai zaure, akwai katanga mai tsawo, a ƙofa kuma sau da yawa an rubuta “Ba shiga”. Amma tsakar gida a buɗe take. A nan mata suke girki da wanki da daka, a nan iyali suke kwana lokacin bazara, kuma banɗaki a gidaje da yawa ba shi da rufi. Maginin da ya ɗaga katangar bai yi tunanin baƙon da zai zo ta sama ba. Saboda haka ƙa'idar da aka kwafo daga ƙasar da mutane suke yin komai a ƙarƙashin rufi ba za ta wadatar da mu ba. Tamu tilas ta faɗi dalla-dalla cewa jirgin da ke kan hanyarsa ta zuwa ko ta komowa zai ɗaga kyamararsa daga kan gidaje, kuma ba zai tsaya a kan tsakar gidan kowa ba sai da izinin kotu ko kuwa rai yana cikin haɗari a wannan lokaci. Wajen rubuta wannan, ya kamata a ji ta bakin sarakuna da masu unguwa da malamai da limaman coci, da ƙungiyoyin mata musamman, domin su ne abin ya fi shafa.

Ta wajen aiki kuma, tsarin Chula Vista ya dogara ne a kan lambar gaggawa wadda mutane suka sani, ake kuma ɗauka idan sun kira. Tamu ita ce 112. Inda ba a ɗaukar kira, jirgin da ke kan rufi ba shi da abin da zai amsa. Inda kuma babu mota da mai da ma'aikatan da za su bi bayansa, sai dai ya ɗauki hoton ɓarna ya komo. Har wa yau, a lura da yanayinmu: ƙurar hunturu tana rage gani tana shiga injin, zafin bazara yana gajiyar da batir, hadarin damina yana hana tashi, cajin batir kuwa yana bukatar wutar da ba ta yankewa. Rundunar da ta yi lissafin waɗannan tun farko ita ce jirginta zai kai shekara yana aiki.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN KOWA

Jama'a, ku ma kuna da naku rabon aikin. Wanda yake da irin wannan jirgi domin sana'ar ɗaukar hoto ko aikin gona, ya nemi izini kamar yadda doka ta ce, ya nisanci filayen jiragen sama da barikokin soja da gidajen mutane. Wanda ya ga jirgi a sama bai san na wane ne ba, kada ya jefe shi, kada ya harbe shi, domin idan ya faɗo yana iya raunata wanda bai ji ba bai gani ba. Ya kai rahoto caji ofis mafi kusa ko wurin mai unguwa.

Idan kuma aka ce za a fara shirin a yankinku, ku halarci taron, ku yi tambaya cikin ladabi ba tare da tsoro ba. Ina ƙa'idar da aka rubuta? Wa zai ba da umurnin tashi? Kwana nawa za a riƙe hotuna? Wa za mu kai wa kuka idan an saɓa? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukumomin gwamnati, akwai kuma kwamitin hulɗa tsakanin 'yan sanda da jama'a inda ake iya ta da irin wannan magana. Mai yin waɗannan tambayoyi taimakon 'yan sanda yake yi, domin rundunar da ta iya amsa su ita ce mutane za su kira idan wani abu ya faru, su kuma gaya mata abin da kyamara ba ta iya gani.

Ga shugabannin 'yan sanda kuwa, abin da ya faru a Merseyside da Seattle da Faris ya isa gargaɗi, abin da aka yi a Chula Vista kuma, da nasararsa da kurakuransa, ya isa abin nazari. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A fara da takarda da alƙalami da zaman shawara, jirgi ya biyo baya.

 Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare ƙasarmu da mutanenta.